Filin Tambayoyin Masu Karatu: Wane Giyabos na Hannu Zai Ɗauki Inji Mai Doki 500?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina da Lexus GS300 ƙirar 2001, wadda na cire mata injinta na asali na sa mata 2JZ-GTE da aka ciro daga Toyota Aristo. Daga baya na cire ƙananan tobo biyun da injin ya zo da su na ɗora babba guda ɗaya, aka kuma sauya mata burenbos. Wanda ya saita mini ita ya ce yanzu tana ba da doki kusan 500. Matsalata ita ce giyabos ɗin otomatik da ya biyo injin ya fara sulɓi, musamman idan na taka totur sosai a hanyar Jos, man giyar kuma har ya fara warin ƙuna. Ina son in mayar da ita manuwal, amma abokaina sun raba mini hankali. Wani ya ce in nemi na Supra mai giya shida, wani ya ce na Nissan 350Z, wani ya ce na BMW mai shan dizal ya fi araha, akwai ma wanda ya ce a yi mini odar Tremec daga Amurka. Da motar nake zuwa wurin aiki wasu ranaku, kuma nakan je Gombe da Jos da ita. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu, Fadaman Mada, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tun da ka nemi in zaɓa maka, ba zan yi maka kwana-kwana ba: a cikin huɗun da abokanka suka kawo, na Nissan 350Z wanda ake kira CD009 shi ne nake ganin ya fi dacewa da motarka da irin zirga-zirgar da kake yi da ita. Sai dai ina roƙonka ka karanta dalilan kafin ka tura wa kowa kuɗi, domin sayen giyabos ɗin bai kai rabin aikin ba, kuma akwai halin da idan kana cikinsa shawarata za ta sauya.

Da farko ka ajiye maganar doki 500 a gefe. Adadin doki shi ne abin da matasa ke alfahari da shi a majalisa, amma abin da ke karya haƙoran giya shi ne ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da karanshaf ke juya shaf ɗin giyabos da shi, wanda ake aunawa da Nm. Su biyun suna da alaƙa: idan ka ninka Nm da yawan juyin inji a minti ɗaya, sannan ka raba da 7,121, abin da ya fito shi ne doki. Ke nan injin da ke ba da doki 500 a juyi 6,500 yana murɗawa da Nm kusan 550 a daidai wannan lokaci, kuma a inji mai tobo ƙololuwar murɗar takan zo ne tun kafin nan, wajen tsakiyar juyi, inda za ta iya haura 600. Yadda Toyota ta fito da wannan inji a Aristo, a wajen Nm 450 yake tsayawa, kuma a kan haka aka ɗora masa giyabos mai giya huɗu da ya biyo shi. Sulɓin da kake ji da warin ƙunar mai suna nuna cewa faya-fayan kulocin da ke cikinsa sun fara cinyewa. Ka koma wurin wanda ya saita motar ya faɗa maka adadin Nm da juyin da ƙololuwar ke zuwa, ya kuma gaya maka ko a kan na'urar gwaji ya auna ko kuwa daga kwamfutarsa ya kintata, sannan ko a taya ne adadin ko a inji, tun da abin da ke isa taya yakan gaza abin da inji ya fitar da kusan kashi 15 cikin 100. Idan doki 500 ɗin nan a taya ne, to nauyin da ke kan giyabos ya fi wanda na lissafa.

Bayan adadin akwai yadda ƙarfin ke sauka. Giyabos ɗin da zai yi shekaru a hannun mai taka totur a hankali cikin giya ta huɗu yana iya watsewa a rana ɗaya a hannun wanda ke ɗaga juyi sama ya saki kuloci gaba ɗaya. Otomatik yana da mai a tsakanin inji da giya wanda ke shanye irin wannan bugu, manuwal kuwa ƙarfe ne ke cin ƙarfe. A hanyoyinmu akwai ƙarin abu: idan tayar baya ta faɗa rami ko ta hau yashi ta juya a banza, sannan ta sake kama kwalta kana kan totur, wannan fizgar tana bi ta bakasul da farfela ta sauka a kan haƙoran giyar da kake ciki. Saboda haka ake son a zaɓi wanda ke da rara, ba wanda ƙarfinsa ya yi daidai wa daida da na injin ba.

Akwai guda biyu da abokanka ba su ambata ba amma za a yi maka tallarsu. Na farko shi ne W58, mai giya biyar, wanda ke cikin Supra marar tobo da Lexus SC300. Yana ɗaurewa a jikin injinka ba tare da wahala ba, kuma wannan ne ke ruɗin mutane, amma don inji mai Nm 300 aka yi shi, kada ka kula shi. Na biyu shi ne R154, shi ma mai giya biyar, wanda ya zo a Supra mai tobo ta ƙarshen shekarun 1980 da kuma Mark II da Chaser masu injin 1JZ-GTE. Wannan yana da falalar da sauran ba su da ita: 1JZ da 2JZ wurin ɗaure notinsu ɗaya ne, don haka idan ka sami wanda ya zo da kwanon gaba na 1JZ, wato ɓangaren da ke ɗaure giyabos a jikin inji, da kayan Toyota zalla za a haɗa shi, ba yanka ba walda. Wanda aka ciro daga tsohuwar Supra mai injin 7M kuwa sai an sauya masa kwanon. Rauninsa sananne ne, akwai washar da ke tare giya ta ɗaya wadda takan tsage, da farantin da ke riƙe boris na baya, da ƙarafan da ke tura giya. Ana sayar da ƙarfafan madadinsu a waje. Da za ka yarda a rage iskar tobo motar ta dawo wajen doki 400, da R154 zan ce ka nema, kuma wannan shi ne halin da na ce shawarata za ta sauya. A Nm 600 kuwa, tsohon R154 da ba a buɗe an gyara ba yana bakin iyakarsa.

Na Supra mai giya shida, wanda ake kira V160, kamfanin Getrag na Jamus ne ya ƙera wa Toyota shi don Supra mai tobo ta 1993 zuwa 2002. Ba wanda ke musun ƙarfinsa, kuma shi ne aka yi wa wannan inji tun asali. Amma an daina ƙera shi, kayan cikinsa sun yi wuya ko a ƙasashen da ake da Supra da yawa, masu neman sa kuma sun ɗaga farashinsa zuwa inda kuɗin guda ɗaya zai iya haura darajar motarka baki ɗaya. Ranar da sinkoro ɗaya, wato zoben da ke daidaita juyin haƙora wajen shiga giya, ya cinye, motar za ta iya shafe watanni a kan duwatsu a gareji kana jiran kaya. Ban ga dalilin da mutumin da ke zuwa aiki da mota a Bauchi zai sayi wannan ba.

Tremec T56 Magnum za ka iya sayen sa sabo dal da rubutaccen alkawarin kamfani, wanda ya ce yana ɗaukar Nm kusan 950. Idan kana da niyyar nan gaba ka kai motar doki 700 ko fiye, kuma aljihunka zai ɗauki farashinsa da dala da kuɗin jirgi da na kwastan, to shi ne wanda ba za ka sake waiwayar maganar giyabos ba. A matakin da kake yanzu, biyan kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba ne. Yana da girma kuma, sai an bubbuga ramin da giyabos ke kwanciya a ƙarƙashin mota kafin ya shiga.

Na BMW ya cancanci a tsaya a kansa, domin abokin da ya kawo shi bai yi ƙarya ba. Wanda yake nufi shi ne GS6-53DZ na kamfanin ZF, wanda ke cikin 330d da 530d, kuma lambar 53 da ke sunansa tana nufin Nm 530 ne kamfanin ya yarje masa. A Turai an daɗe ana ɗora masa fiye da haka yana ɗauka. Matsalarsa ita ce don dizal aka tsara haƙoransa. Giyarsa ta ɗaya 5.08 ce, ma'ana sai inji ya juya sau 5.08 kafin farfela ta juya sau ɗaya, alhali ta CD009 3.79 ce, ta R154 kuma 3.25. Bakasul ɗin GS300 yana ƙara rage juyin da 3.92. Idan aka lissafa da tayar asali ta motar, 215/60 a kan rim 16, wadda kewayenta ya ɗan haura mita 2, giya ta ɗaya ta BMW za ta ƙare maka a kilomita 41 a awa ko da ka kai inji juyi 6,500. Da babban tobo wannan ba giya ba ce, kafin iska ta taru ka riga ka kai ƙarshenta, idan kuma ta taru tayoyi ne za su yi ta juyi a banza. Mai wannan giyabos dole ne ya sauya bakasul. Akwai ɗan'uwansa na fetur, GS6-53BZ na 335i, wanda giyarsa ta ɗaya take wajen 4.06, idan ka ci karo da shi a farashi mai kyau ba zan hana ka ba.

Shi kuwa CD009, Nissan ta sa shi ne a 350Z da Infiniti G35 masu giyar hannu. Injin da aka yi shi dominsa bai kai Nm 400 ba, amma kamfanin ya yi masa haƙora da shaf masu kauri fiye da buƙata, kuma masu ƙara wa motoci ƙarfi sun shafe shekaru suna ɗora masa abin da ya wuce naka yana jurewa. Abin da ya sa na fifita shi ba ƙarfin kaɗai ba ne. An sayar da waɗannan motoci da yawa a Amurka, inda mafi yawan motocinmu na Beljiyam suke fitowa, saboda haka idan ya mutu wata rana, neman wani a ɗora ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman V160. Sai dai ka lura da lamba. Na farko-farko, na 2003 da 2004, masu lambobin da ke ƙasa da CD009, an san su da ƙarar haƙora wajen shiga giya saboda raunin sinkoro, kuma a CD009 ne aka gyara wannan aka yi wa giya ta ɗaya zuwa ta uku sinkoro mai zobe uku. Lambar tana kan takardar da aka manna a jikinsa. Daga 2007 kuma, da aka sauya injin motar, aka koma wani samfuri mai lamba JK, wanda kwanon gabansa da tsarin kulocinsa suka bambanta, don haka kayan haɗin da aka yi wa wancan ba lallai su hau wannan ba. Ka san wanda ke hannunka kafin ka yi odar kayan haɗi.

Da CD009 da bakasul ɗinka na yanzu, giya ta ɗaya za ta kai ka kilomita 55 a awa, ta shida kuma, wadda take 0.79, za ta riƙe inji a juyi kusan 2,500 idan kana gudun kilomita 100. Wannan ba laifi a hanyar Gombe, wadda ta kai kilomita 150 da ɗoriya ta Alkaleri. Idan ka sami bakasul na GS400 ko GS430 mai 3.27, giya ta ɗaya za ta miƙe zuwa wajen 66, juyin tafiyar nesa kuma ya sauko kusa da 2,100, abin da ya fi dacewa da babban tobo ya kuma rage shan mai. Ba dole ba ne a yi wannan tun farko, amma ka sa shi a lissafi, tare da sanin cewa bakasul ɗin GS300 na asali ba ya kulle tayoyin biyu, taya ɗaya ce za ta riƙa ƙonewa idan ka matsa.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa, wato haɗin giyabos ɗin Nissan da injin Toyota. Hanyoyi biyu ake bi: ko a sa farantin haɗi tsakanin inji da kwanon Nissan, ko a yanke kwanon Nissan a ɗaura na giyabos ɗin otomatik na Toyota a kan wani faranti da aka yi don haka. Duk wadda ka zaɓa, ka sayi kayan da aka ƙera da injin kwamfuta daga waje, da fulawil ɗinsu da ƙaramin boris ɗin da ke zama a tsakiyar karanshaf. Na san akwai gwanayen tana da walda a Bauchi da Jos da Kano waɗanda za su ce maka za su yanka farantin da rabin kuɗin, kuma ba raina gwanintarsu nake yi ba. Maganar ita ce dole shaf ɗin giyabos ya zauna a tsakiyar karanshaf cif, kuma kaucewar da kamfanin Tremec ke yarda da ita a nasa ba ta wuce milimita 0.13 ba, abin da ido da tef ba za su gani ba. Idan ya kauce, motar za ta tashi ta yi tafiya lafiya ƙalau a makon farko, daga nan giya ta fara wuyar shiga, boris ɗin gaba ya fara kuka, kuloci ya riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, kai kuma ka ɗora laifin a kan mai sayar da giyabos. A nan araha ba ta ado. Ko da kayan waje ne, ka sa a ɗora agogon awo a juya karanshaf da hannu a tabbatar kafin a ɗaure.

Kuloci shi ne abin da ƙafarka za ta zauna da shi kullum, don haka kada ka bar wa mai kaya zaɓinsa. Fileti guda mai laushi irin na asali ba zai riƙe Nm 600 ba. Akwai mai fuka-fukai huɗu ko shida na yumɓun ƙarfe, wanda ke riƙewa sosai kuma ya fi araha, amma ba shi da tsakiya, ko ya kama ko ya saki, kuma wanda ya shiga cunkoson Wunti ko na Muda Lawal da shi zai gane kurensa. Wasu kuma suna ƙara wa firesha fileti tauri har feda ta zama kamar dutse. Wannan yana da wata illa ta daban a 2JZ: duk lokacin da ka taka kuloci kana tura karanshaf gaba ne a kan metal ɗin da ke tare shi, kuma idan turin ya yi yawa, musamman wajen tayar da mota da safe kafin baƙin mai ya zagaya, metal ɗin yakan cinye karanshaf ya fara wasa gaba da baya, wanda gyaransa sai an sauke inji. Abin da nake ba da shawara shi ne kuloci mai fileti biyu na tuƙin cikin gari, domin yana raba nauyin a fuska huɗu ba tare da an taurara feda ba. Ya fi tsada, kuma idan aka haɗa shi da fulawil guda marar sifirin za ka riƙa jin kwaramniya daga giyabos idan mota na tsaye a silo, wannan ba lalacewa ba ce. Sabon kuloci kuma ana ba shi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari a hankali kafin a matsa masa.

GS300 ba ta taɓa fitowa da giyar hannu ba, Aristo ma haka, saboda haka babu fedar kuloci da aka yi mata. Akan ɗauko ta Lexus IS300 mai manuwal a gyara ta, a huda bangon da ke raba inji da direba a dasa ofa-kuloci, a kuma rage faɗin fedar birki. Ka tabbatar an ƙara ƙarfe a wurin hudar, in ba haka ba bangon zai riƙa lanƙwasa duk lokacin da ka taka har ya tsage. Kayan da ke zuwa daga Japan ta Dubai na motoci masu sitiyari a dama ne, fedarsu ba ta hawa tamu. Sandar giya ta CD009 tana fitowa can baya, sai an sayi abin da ke dawo da ita gaba don ta faɗo daidai ramin da ke tsakanin kujeru. Sit ɗin giya da kurosmamba sai an ƙera. Farfela kuma sai an yi mata sabon kai na gaba an daidaita tsawonta, kuma lallai a yi mata balansin a kan inji, domin a giya ta shida tana juyi fiye da injin kansa, farfelar da aka yi wa walda da ido kuwa ba girgiza kaɗai take kawowa ba, tana iya tsinkewa a ƙarƙashin kujerarka.

Aikin rewaya bai da yawa tun da ka riga ka sauya burenbos, amma kada a manta da shi. A haɗa fitilar ribas da makunnin da ke jikin sabon giyabos, a warware wayar da ke hana mota tashi sai tana fakin, a kuma duba daga inda agogon gudu ke samun saƙonsa, domin CD009 ba shi da nasa firikwensin gudu, a 350Z daga tayoyi ake ɗauka. Sannan a sake saita silo da yadda inji ke saukowa idan an saki totur, tun da nauyin fulawil ya sauya. Man da Nissan ta rubuta masa 75W-85 ne mai lamba GL-4. Abin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne mai kauri na bakasul mai lamba GL-5, kuma shi yaran gareji za su zuba idan ba ka tsaya a kai ba, alhali sinadaran da ke cikinsa ba su jituwa da zoben tagulla na sinkoro.

Wajen saye, ko daga Ladipo a Legas ne, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, kada ka saya ta hoto. Ka je da bakanikenka ko ka tura wanda ka yarda da shi, a kwance noton zubar da mai a duba maganaɗisun da ke jikinsa: laushin ƙurar ƙarfe ba komai ba ne, gutsattsarin da yatsa ke ji kuwa haƙori ne, ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man kuma sinkoro ne ke narkewa. A juya shaf ɗin gaba da hannu a kowace giya, a girgiza shi a ji ko yana wasa. Ka kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai kaya a rubuce, kana sane da cewa da zarar an yanke kwanon gaba ba wanda zai karɓi kayansa.

Tambaya: Injiniya, ni bakanike ne, kuma ina ganin yaran nan suna cire otomatik suna sa manuwal da sunan ƙarfi. Ashe ba otomatik ɗin zamani ya fi ɗaukar ƙarfi ba? Daga wani mai gareji, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Maigida, gaskiyarka, kuma na ji daɗin da wanda hannunsa ke cikin aikin ne ya faɗe ta. Idan gudu a miƙe ake nema, otomatik mai kyau ya fi. Mai manuwal dole ne ya ɗaga ƙafa daga totur a kowane canji, iskar tobo ta zube sai ta sake taruwa, shi kuwa otomatik yana canzawa ƙafa na ƙasa. Giyabos ɗin ZF mai giya takwas, wanda ya fara fitowa a BMW wajen 2009 kuma yake cikin Range Rover da Jaguar da Jeep Grand Cherokee, samfurinsa na 8HP70 Nm 700 kamfanin ya yarje masa, kuma yanzu ana ɗora shi a kan 2JZ. Ita kanta Toyota da ta dawo da Supra a 2019 da irin wannan giyabos ta fito da ita, sai a 2022 ta ƙara mai giyar hannu saboda masu saye sun nema. Wahalarsa a wurinmu ita ce yana buƙatar nasa burenbos na musamman da wanda ya iya saita shi da kwamfuta, kuma idan ya rikice a Kaltungo ba kowane gareji ne zai taɓa shi ba. Ko tsohon otomatik na Aristo ma ana iya ƙara masa faya-fayai, a ɗaga matsin mai, a sa masa lagireton mai na daban, ya ɗauki fiye da yadda aka yi shi. Wanda ya zaɓi manuwal ya zaɓe shi ne don yana son ya riƙa sarrafa motar da hannunsa, da kuma don cikinsa ba abin da gogaggen bakanike irinka ba zai gane ba idan ya buɗe. Waɗannan dalilai ne masu kyau, amma idan yaro ya ce maka don ƙarfi ne, ka gaya masa ba haka ba ne. Masu yi don su riƙa juya mota a wurin biki a tsakiyar jama'a kuwa, da ni ne kai da ban karɓi aikinsu ba.

Tambaya: Ina da Honda Accord ta 2005 mai silinda shida, na yi mata 'yan gyare-gyare, giyarta ta otomatik ta sake lalacewa. Wani ya ce yana da manuwal na Accord mai silinda huɗu zai ɗora mini. Zai yiwu? Daga wani mai karatu, Pantami, Gombe.

Amsa: Malam, ba zai yiwu ba. Injin silinda huɗu na wannan Accord da na silinda shida dangi biyu ne daban, wurin ɗaure notinsu bai zo ɗaya ba, kuma a motar da ke ja da tayoyin gaba babu sararin sa farantin haɗi kamar yadda ake yi wa mai ja da baya, domin inji da giyabos a kwance suke tsakanin tayoyi biyu. Abin da ke hawa motarka shi ne mai giya shida da Honda ta sa wa Accord mai silinda shida, wanda ya zo a mai ƙofa biyu tun 2003, sannan a mai ƙofa huɗu a 2006 da 2007. Na Acura TL ta 2004 zuwa 2006 ma yana hawa, kuma ya fi, domin bakasul ɗin cikinsa yana raba ƙarfi ga tayoyin biyu, abin da mota mai ja da gaba ke matuƙar buƙata idan an ƙara mata ƙarfi. Kada ka sayi giyabos ɗin shi kaɗai. Ka nemi rabin mota da aka yanko, ko mai kayan da zai haɗo maka da fulawil da kik da sit-sit da shaf ɗin tayoyi biyu da igiyoyin sandar giya da fedoji da wayoyin inji, duka daga mota ɗaya, domin neman su ɗaya bayan ɗaya zai ci maka kuɗi da lokaci fiye da giyabos ɗin. Ka kuma tabbatar burenbos ya zo da makullinsa da zoben da ke karanta makullin, idan kuwa babu su sai ka nemi mai kwamfutar da zai daidaita shi da naka, in ba haka ba kik zai yi ta juyawa motar ba za ta tashi ba.